Raɓa a Tsakanin Gilashi Biyu

Ni na yi laifin, ba kakanku ba. Na fara da wannan ne don na san halina: in na bari sai tsakiyar labari, zan samo hanyar da zan kewaye shi. Kun tashi kuna jin cewa akwai wata shekara da idon Baba Isuhu ya yi rauni, ya lalata tagogin wani gida a unguwar Shumaisi, aka ɗauke shi daga teburin haɗa gilashi. Daga bakinsa kuka ji, yana faɗa yana dariya, ni kuma ina zaune na sunkuyar da kai, don ya hana ni gyara maganar muddin yana raye. To, yanzu Allah ya karɓi abinsa, ni ma furfura ta cinye min gemu. Idon kakanku lafiyarsa ƙalau a shekarar nan. Daga bakin ƙofa yake hango ƙwayar ƙura a kan gilashi.

Lokacin da na san shi ban san mahaifiyarku ba, kuma ban san komai a kan taga ba sai buɗewa da rufewa. Karatuna bai wuce allo da firamare ba. Na zo Riyad ina ɗaukar bulo a wajen gini, siminti ya cinye min tafin hannu. Wata rana a masallacin unguwa a Gubaira ya ji ina yi wa wani magana, sai ya juyo ya ce da mutanen da ke kusa:

"Wannan bakin na Kano ne. Kowa ya riƙe takalminsa da kyau."

Na dube shi na ji harshensa, na ce, "Baba, takalmin Badamagare ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara."

Ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Da ma kun san wasan da ke tsakanin Kanawa da mutanen Damagaram. Daga ranar bai ƙara kirana da sunana ba, Bakano kawai. Da ya ga hannuna ya kai ni wurin kafilinsa, uban gidan da takardun zamansa ke hannunsa, Abu Fahad, mai warsha, wato shagon haɗa tagogin alminiyam, a nan Gubaira, ya tsaya a kaina har aka maido kafalata can, ni ma ya zama kafilina. Bai san ubana ba, bai san garinmu ba. Ya ce wa Abu Fahad, in na ɓata wani abu a tambaye shi.

Aikinsa shi ne haɗa gilashi mai ruɓi biyu, wanda mu da Larabawa duka muke ce wa dabal. Gilashi biyu ne ake wankewa tas, a busar, a sa siririn bututun alminiyam a tsakaninsu ya kewaye gefuna huɗu, sannan a liƙe da baƙin danƙo yadda iska ba za ta shiga ba, ba za ta fita ba. Iskar da aka kulle a tsakiyar ita ke tare zafin waje da ƙarar titi. Amma asirin abin yana cikin bututun nan. Ana ɗura masa wasu 'yan ƙwayoyi masu shanye danshi, waɗanda Baba yake kira gero don kamar da suka yi da shi. Geron yana zuwa a cikin durom mai murfi, kuma Baba yana tsaron murfin nan kamar ƙofar ɗakinsa. A ɗiba, a rufe. A sake ɗiba, a sake rufewa. Duk lokacin da za a fara sabon aiki yakan zuba kaɗan a tafin hannuna ya ɗiga ruwa.

"Me ka ji, Bakano?"

"Zafi, Baba! Yana ƙona ni!"

"To, yana da rai ke nan. Gero mai rai ƙishirwa yake ji, in ya sami ruwa sai ya yi zafi. Ranar da ka ɗiga ruwa ka ji shi sanyi, ya riga ya sha ya ƙoshi. Zubar da shi, ko da durom cike yake."

Shi ya koya min cewa gumin taga iri uku ne. Akwai wanda ke kwanciya ta waje, wannan na Allah ne, rana ta fito zai tafi. Akwai na cikin ɗaki, lokacin sanyi, in an rufe ko'ina ana girki ko an shanya wanki a ciki. Wannan na masu gida ne, a goge, a riƙa buɗe taga iska ta zaga. Idan aka kira mu gyara yakan tsaya ya nuna wa mai gida 'yan ramukan da ke ƙasan firam inda ruwa ke fita, ya ce a riƙa sakace su don ƙura tana toshe su, ya taɓa robar gefe ya ga ko rana ta busar da ita. Sau da yawa iyakar gyaran ke nan, mu sha shayi mu tafi. Na ukun shi ne wanda ya ce kada Allah ya nuna mana.

"Ka goge ta ciki, ka goge ta waje. In raɓar tana nan tana kallonka, a tsakiya take. Wannan tamu ce. Ba mai gida ba, ba yanayi ba. Mu muka kulle ta a ciki."

Ranar Juma'a a gidansa nake cin abinci. Ya daɗe a ƙasar, iyalinsa suna tare da shi a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a bayan layin makanikai. Kakarku, Inna Maryama, tuwo take yi da miyar kuka, kukar da ake aiko mata daga gida, kuma ba ta taɓa ajiye min kwano ba tare da ta haɗa da magana ba. Takan ce, "Ci a hankali, ɗan nan, ba a kasuwar Kurmi kake ba." Mahaifiyarku Zulai a Riyad aka haife ta, lokacin Larabcinta ya fi Hausarta nisa. Daga bayan labule take miƙo tire, in ta yi Hausa ta karkace Inna ta ce, "Ji ta, kamar mai tauna dabino." Ni da ba ni da kowa a ƙasar, wannan gidan ne ya hana ni zama maraya.

A bazarar shekarata ta biyu aka kawo aikin gidan Shumaisi, tsohon gida mai hawa biyu da ake canza wa tagogi duka, kuma ana sauri. Wanda bai yi bazara a ƙarƙashin rufin kwano a Riyad ba ba zai gane ba. Daga azahar zuwa la'asar warsha takan tsaya, kowa ya nemi inuwa, Baba ya tafi gida ya kwanta. Ni kuwa ina so a gan ni. Ina so Abu Fahad ya ce Bakanon nan ya fi malaminsa sauri. Sai na riƙa tsayawa ni kaɗai ina ɗura gero a bututu ina jerawa. Akwai wata na'urar sanyaya wuri a warshar, mukayyif sahrawi, akwatin ƙarfe da ake zuba wa ruwa, fanka tana jawo iska ta cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa ta huro ta da sanyi. Baba ya kafa mata wuri can bakin ƙofa, ya ce kada ta matso kusa da tebur. Da ya fita sai in jawo ta har gabana. Murfin durom kuma in ajiye shi gefe, don buɗewa da rufewa na cin lokaci. Na ce a raina, tsoho dai da tsoro. Garin da za ka wanke riga kafin ka idar da salla ta bushe, wane danshi ne a cikinsa? Ban tsaya na yi tunanin cewa sanyin da nake ji a fuskata ruwa ne ba, kuma kai tsaye cikin durom yake sauka. Kafin la'asar sai in mayar da na'urar wurinta, in rufe murfi. Haka na yi har aikin ya ƙare. Abu Fahad ya dafa kafaɗata ya ce ma sha Allah. Na kwana biyu ina jin daɗin wannan dafawar.

Tagogin suka yi kyau duk tsawon zafi. Sai da sanyi ya shigo sosai aka bugo waya. Muka je mu uku da safe, ni da Baba da Abu Fahad. Mai gidan ya kai mu ɗakin mahaifinsa a sama, wani dattijo da ƙafa ta daina ɗauka, an ajiye masa kujera a jikin taga. Ɗan ya ce daga nan yake kallon ƙofar masallaci, yana gane abokansa ɗaya bayan ɗaya in suna shiga, shi ne abin da ya rage masa. Tagar ta yi fari fat kamar an hura mata numfashi, ruwa yana gangarowa a ciki layi-layi. Dattijon yana riƙe da ƙyalle a hannu. Ya ce tun asuba yake gogewa.

Baba ya sa yatsa ya goge ta ciki. Ya buɗe ya goge ta waje. Raɓar tana nan.

Muka ciro guda muka kawo warsha. Baba ya kwantar da ita a tebur ya bi danƙon da yatsa gefe huɗu, a hankali, bai sami ko tsaga ɗaya ba. Ya sa wuƙa ya yanka, ya zazzage geron a tafin hannunsa, ya ɗiga ruwa. Ya tsaya. Ina ganin hannun nan a buɗe, ina jiran ya yarfar, bai yarfar ba. Ya ɗago ya dubi na'urar sanyi a bakin ƙofa, ya dubi durom, sannan ya dube ni. Bai daɗe yana kallona ba. Ya rufe hannunsa ya zuba geron a aljihu.

Abu Fahad bai san aikin tebur ba, shi ciniki ya sani. Yana ta faɗa, gida guda za a sake wa gilashi, sunan warsharsa ya ɓaci a unguwa. Ya tambayi Baba me ya faru, Baba ya ce, "Aikin teburina ne." Bai ƙara ba. Sai Abu Fahad ya ja ni waje ya ce, kai kana tare da shi kullum, gaya min gaskiya. 'Ya'yana, da shiru na yi ma da da sauƙi. Iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ta kusa ƙarewa, na tuna bulo, na tuna jirgin komawa gida hannu wofi. Na ce:

"Wallahi mu'allim ne, gwanin aiki, ba kamarsa. Sai dai kwanan nan idonsa... wani lokaci danƙon yakan bar 'yar kafa bai gani ba."

Har da wallahi na haɗa. Wannan kalmar ta fi komai tsaya min a wuya.

Aka ba ni tebur. Baba kuma aka tura shi mustauda, ma'ajiyar da Abu Fahad yake da ita a Birnin Masana'antu na Biyu, inda ake sauke manyan faifan gilashi daga mota. Aikin samari ne. Mutumin da ya yi shekaru yana aiki da yatsu ya koma aiki da ƙugu. Ni na haɗa wa gidan Shumaisi sababbin gilasai, kuma na yi su yadda ya koya min, na buɗe sabon durom, na gwada geron har ya ƙona ni. Dattijon ya sake ganin ƙofar masallacinsa, ya yi min addu'a mai tsawo, ina tsaye ina jin kamar in nutse.

Juma'ar farko ban je gidan ba. Bayan salla sai ga Baba a ƙofar ɗakinmu.

"Bakano, an ba ka tebur sai ka fi ƙarfin tuwonmu? Tashi, Innarka ta ce ba za ta sauke tukunya ba sai ta gan ka."

Na bi shi. Haka muka yi ta yi har sanyi ya wuce, wani zafin ya shigo ya fara sauka. Yana zama a hankali saboda bayansa, yatsunsa duk filasta. Ya tambaye ni aiki, ya ce in kula da kusurwa, a nan danƙo ya fi yaudara. Bai taɓa ambaton na'urar sanyi ba. Na so a ce ya zage ni. Na riƙa shirya maganar a hanya, in na iso in ga an shimfiɗa tabarma an ajiye min kwanona, sai in ce bari sai mako mai zuwa. Na gaya wa kaina cewa tunda ya yi shiru, ya yafe ke nan. Na kuma gaya wa kaina cewa shi ya daɗe a ƙasar, ba abin da zai same shi. Mutum in yana son ya ci tuwo cikin kwanciyar hankali ba ya rasa abin gaya wa kansa.

Wata Juma'a na tarar gidan ba hayaniya. Inna ta ajiye kwano ba ta ce komai ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Baba ne ya faɗa, kamar yana ba da labarin wani: Abu Fahad ya ce ba zai sabunta masa iƙama ba. Ba ido, ba ƙarfin ɗaukar kaya, gara ya je gida ya huta. Huruj za a buga masa, fita ba dawowa, kuma in ya fita iyalinsa ma sun fita. Daga bayan labule na ji Zulai tana tambayar uwarta da karyayyiyar Hausarta:

"Inna, a Damagaram ɗin wa na sani?"

Baba ya tura min kwano ya ce, "Ci mana, Bakano, miya na hucewa."

Washegari da safe na riga kowa zuwa warsha. Tsofaffin gilasan Shumaisi suna jingine a bayan gini, ƙura ta rufe su. Na ɗauko ɗaya na kwantar a tebur na jira Abu Fahad. Da ya shigo na ce ya ba ni hannunsa. Na bi da yatsansa a kan danƙon gefe huɗu, na ce ya nuna min kafar da idon Baba ya bari. Babu. Na zuba masa sabon gero na ɗiga ruwa, ya yarfar da hannu yana salati. Na yanka tsohon gilashin na zuba masa na ciki na ɗiga ruwa, ya tsaya yana jira, ba abin da ya ji. Sannan na jawo na'urar sanyi har gaban tebur, na cire murfin durom na ajiye gefe, na ce masa haka na yi kullum da rana tsaka, ni kaɗai, kuma abin da na gaya masa a kan idon Baba ƙarya ce.

Ya ce, "Isuhu ya sani?"

Na ce tun ranar farko.

Ya zauna a kan kujera ya cire tabarau. Ya kira ni da sunayen da ba zan rubuta muku ba, kuma ban ga wanda ban cancanta ba a ciki. Ya ce da don ta shi ne, a makon nan zan bar ƙasar. Amma sai ya ji ta bakin wanda na zalunta. Ban san me suka tattauna ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Abin da na sani, an sabunta wa Baba iƙama ya dawo teburinsa, ni kuma aka tura ni mustauda a madadinsa. Na daɗe a can. Ciwon bayan da kuke ji ina kuka da shi in sanyi ya shigo, a can na samo shi, kuma ban taɓa jin haushinsa ba. Kullum na ɗaga faifan gilashi sai in tuna tsoho ya ɗaga irinsa saboda ni bai ce uffan ba.

Saura abu ɗaya, wanda ya fi zuwa wurin Abu Fahad wuya. Juma'ar da ta biyo baya na je gidan, amma ban hau tabarma ba. Na cire takalmi na durƙusa a bakin ƙofa. Baba ya gane, ya fara ƙoƙarin kashe maganar da wasa.

"Kai, wa ya taɓa ganin Bakano a durƙushe ba ciniki ake ba? Taso. Ni na kawo ka, ni na ce in ka ɓata a tambaye ni, aka kuwa tambaye ni. Kuma ni ma da laifina, duk makon da aka yi aikin nan ban gwada gero ba, na sake da kai. Ya wuce. Taso mu ci."

Sai Inna ta ɗaga labule ta fito da ludayi a hannu. Ban taɓa zaton ta sani ba.

"Bar shi ya faɗa, Malam. Kusan shekara ina zuba masa miya ina jiran maganar nan. Ba ka da ikon hana ni jin ta."

Na ji motsin Zulai ya tsaya a bayan labule. Wannan gidan ne daga baya ya ba ni 'yarsa, ya ba ni ku, kuma har suka koma ga Allah ba wanda ya taɓa yi min gori a cikinsu. Amma a ranar ban san da wannan ba. Abin da na sani kawai, gwiwata tana ƙasa. Na ce:

"Baba, ni na jawo na'urar, ni na bar murfin a buɗe, bayan ka hana ni. Da aka tambaye ni na ce idonka ne, na rantse da Allah a kai. Ka ɗauki kayan da ni ya kamata in ɗauka, na zo na ci tuwon gidanka ina kallon hannunka. Ba tsoro kaɗai ba ne, na so teburin. Inna, ke ma na cuce ki, na cuci 'yarki. Ba ni da abin da zan biya ku da shi. Don Allah ku yafe min."